Tela Da Akwatin Wanke Iska

A unguwar Agege ta birnin Ikko, can kusa da layin dogo inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro, akwai wani tela, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya shekara goma sha tara yana taka keke a shago guda. Ba mai arziki ba ne, ba kuwa za a kira shi matalauci ba. Yana da kekuna uku, da dutsen guga na gawayi da na lantarki, da ɗakuna biyu a bayan shagon inda iyalinsa suke zaune, ƙofa ɗaya ce ta raba wurin sana'a da wurin kwana. Mutum ne mai kawaici, irin wanda in ka kawo masa yadi ka ce jibi kake so, ba zai amsa maka ba sai ya tabbata zai iya. Wannan hali kuwa ba kasafai akan same shi wurin teloli ba, shi ya sa ba ya rasa aiki.

Wansa da ke gida ya aiko masa da ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya ce ga amana nan, a koya masa ɗinki. Yaron ya zauna shekara biyu, hannunsa ya fara faɗawa, har an soma sakar masa wuyan kaftani. A shagon yake kwana, bisa tabarma tsakanin kekuna. Da farkon shekarar 2021 sai ya fara tari. Aka ce mura ce, aka sayo masa maganin tari na kwalba. Tari bai tafi ba. Lokacin kuwa shekara guda ke nan da shigowar cutar korona Nijeriya, wadda aka fara ganinta a nan Ikko ranar 27 ga Fabrairu, 2020, saboda haka kowa ya ji tari sai ya ja da baya. Yaro ya riƙa jiƙa tabarma da gumi cikin dare, abinci ya fita ransa, wandon da aka ɗinka masa da sallar bara ya zama sai ya ƙara ɗaure zariya. Da aka yi mako biyar ana haka sai Tela ya ajiye almakashi ya kai shi asibitin gwamnati. Aka karɓi kakinsa aka sa a na'ura, washegari aka ce musu tarin fuka ne, wanda wasu ke kira tibi.

Ma'aikaciyar da ta ba su magani ta yi musu bayani filla-filla. Ta ce magani kyauta ne, wata shida za a yi ana sha ba fashi, kuma cutar tana warkewa sarai. Ta ƙara da cewa a kawo dukan mutanen gidan a duba su, tun ba ma ƙananan yara ba. Tela ya ji maganar farko ya riƙe, ta ƙarshen kuwa ya ji ya sa ta a aljihu. Azumi ya matso, shadda ta taru a shago har ta kai rufi, ga kuma kunyar a ga ya ɗebi iyalinsa gaba ɗaya ya nufi sashen masu tari, gobe maganar ta zaga zango. Ya ce a ransa bayan salla.

Uwargidansa ba ta sa tata maganar a aljihu ba. Suna da 'yar auta mai shekara uku, wadda tun tana goye ƙirjinta ba shi da ƙarfi, da sanyi ya taɓa ta sai ka ji numfashinta yana fito. Wurin wasanta kuwa ƙarƙashin keken yaron nan ne, inda take tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta zane. Da dare ya yi uwar ta ce, “Malam, Allah ya sani ba ƙin yaron nan nake yi ba, ɗana ne. Amma ka dubi Auta. Ka mai da shi gida wurin Yaya, in ya warke ya dawo.”

Tela ya yi shiru. Ya san ƙauyensu, ya san nisansa da asibiti, ya kuma san cewa da yaro ya ji ƙarfin jikinsa bayan wata biyu za a ce ya warke, a bar magani, cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ban da haka, da wane ido zai dubi wansa, an ba shi yaro lafiyayye ya mayar da shi ƙashi da fata? Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Kwana uku gidan ba daɗi.

A rana ta huɗu ya shiga wata babbar kasuwar kayan lantarki don neman bel na keke, sai ya ga mutane sun taru a bakin wani shago. Mai shagon ya jera waɗansu fararen akwatuna, kowanne bai fi ƙaramar rediyo mai kaset girma ba, ga shuɗin haske yana leƙowa ta tsagar jikinsu. Yana ta zuba: wannan na'ura tana wanke iskar ɗaki, tana kashe korona, da tibi, da kowace irin ƙwayar cuta, tana cinye wari da hayaƙi, kuma hikimar masu zuwa sararin sama ce ta Amurka. Tela ya matsa ya yi tambaya a hankali, kamar mai tambaya don wani. Mai kaya ya ce, “Alhaji, ka kunna kawai, ka rufe taga da ƙofa kada iskar waje ta ɓata mata aiki. In ka ji wani ƙamshi-ƙamshi kamar an yi ruwan farko, to aiki take yi.” Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuɗin da Tela ya yi wata tara yana tarawa don sayen keken surfani, su ya ƙirga ya bayar.

Ya kamata a tsaya nan a yi wa mai kayan adalci, domin ba duk abin da ya faɗa ne ƙarya ba, kuma wannan shi ne abin da ya sa irin cinikin nan yake da wuyar ganewa. Mai karatu ya san bakan gizo, ya san launukansa suna farawa daga ja su ƙare a kan shunayya. To, a bayan shunayyar nan akwai sauran haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ne ya gano haka a 1801, da ya ga takardar da ya shafa wa gishirin azurfa ta fi yin baƙi a wurin da ido ke ganin babu komai. Shi ne hasken da Turawa ke kira altarabayolet, 'yan kasuwa kuma suke taƙaita shi su ce yubi. Iri uku ne. Biyu suna isowa ƙasa tare da hasken rana, na ukun kuwa, wanda ya fi su kaifi, sararin sama yana tare shi gaba ɗaya, sai dai a ƙirƙiro shi da fitila mai tururin zaiba a ciki. Ana auna irin wannan haske da nanomita, watau mita guda a kasa ta gida miliyan dubu, kuma fitilar kashe ƙwayoyin cuta tana ba da nata a kan 254. In ya sami ƙwayar cuta sai ya lalata rubutun halittar da ke cikinta, ta kasa haihuwa, ƙwayar da ba ta haihuwa kuwa ba ta sa ciwo. Tun 1877 waɗansu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Tsohuwar da ke shanya shimfiɗar majiyyaci a rana ba ta san sunayensu ba, amma aikinsu ɗaya.

Akwatin da Tela ya saya ya ƙara wani abu a kan wannan. A gaban fitilarsa akwai raga wadda aka shafe da wata farar hoda ta ma'adinin titaniyam, irin wadda ake sa wa farin fenti. Wani ɗalibi a Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan, Akira Fujishima, da malaminsa Kenichi Honda, su suka bayyana wa duniya a 1972 cewa in ɓoyayyen hasken nan ya sauka a kan wannan ma'adini yakan ba shi ƙarfin farfasa ruwa. Daga nan aka gane cewa laimar da ke cikin iska, in ta taɓa hodar da haske ya tayar, takan haifi waɗansu 'yan gutsattsari masu tsananin yunwa, waɗanda ba sa rayuwa ko daƙiƙa guda, amma duk abin da suka tarar sai sun ci shi. Wannan ci shi ne ƙonewa marar wuta, dangin abin da ke sa ƙarfe tsatsa, ko ya sa goro ya sauya launi bayan an ɓare shi. In ƙonewar ta kai ƙarshe, wari da tururin fenti da makamantansu sukan koma ruwa da iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Maganar masu zuwa sama ma tana da tushe. A cikin shekarun 1990 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta sa masana a Jami'ar Wisconsin suka ƙera irin wannan na'ura, domin tsirran da ake gwada shukawa a cikin kumbo suna fitar da wata iska mai sa 'ya'yan itace nuna, irin wadda ke sa ayaba ta nuna da wuri in an rufe ta, kuma a kumbo babu tagar da za a buɗe ta fita. Sai dai abin da aka ƙera don ɗan akwatin shuka, mai cinye iska iri ɗaya tak, shi ne aka ɗauko sunansa aka liƙa wa kayan da ake cewa za su tsare gida guda daga annoba.

Tela ya dawo da akwati ya ɗora bisa teburin yanka. Ya rufe tagar shagon, wadda dama ita kaɗai ce, ya rataya mata babbar riga ta talla. Uwargida ta zo ta tsaya ta dubi shuɗin hasken, ta shaƙi ƙamshin da aka ce, hankalinta ya ɗan kwanta. Aka daina maganar mai da yaro gida. Da rana akwati yana shago, da dare a tura ƙofar tsakiya a bar ta a buɗe don iyali su sami rabonsu. In Nepa ta ɗauke wuta sai a tayar da ƙaramin janareto a bayan tagar, don kada na'ura ta tsaya. Zafin watan Maris na Ikko ba sai an gaya wa kowa ba. Mutum huɗu suna aiki a rufaffen shago, ga dutsen guga, ga fanka tana juya iska ɗaya tun safe har dare. Almajiran suka fara kukan ciwon kai da kaikayin maƙogwaro, Tela ya ce gajiya ce. A mako na biyu Auta ta fara tari, numfashinta ya koma fito, uwar ta kwana zaune da ita a kafaɗa. Ba wanda ya zargi akwati. Duk gidan, har da shi kansa yaron, idonsu a kan yaron yake.

Abin da ya faru a daren goma sha shida, sai daga baya yaron ya faɗa. Ya ji tarin Auta ta bayan ƙofa, ya ji kukan uwarta ƙasa-ƙasa, ya tabbata a ransa shi ne sanadi. Ya yi tunani irin na yaro, ya ce in hasken nan yana kashe ƙwayar cuta a iska, me zai hana ya kashe ta a jikinsa, a huta? Ya ɗauko sukudireban gyaran keke ya kwance murfin akwatin. Na'urar kirki takan mutu da kanta da zarar an buɗe ta, wannan kuwa ba ta mutu ba. Ya zauna gabanta ya buɗe baki yana shaƙa, yana kallon fitilar, har barci ya fara ɗaukarsa, sa'an nan ya mayar da murfi ya kwanta. Bai ji komai ba a lokacin, domin haka hasken yake, ba ya zafi sa'ad da yake ɓarna. Kafin kiran assalatu sai gidan ya farka da ihunsa. Idanunsa sun yi jawur sun kumbura, hawaye na zuba, ya ce kamar an cika masa su da yashi, ko hasken ashana ba ya iya kallo. Fatar fuskarsa ta yi ja kamar wanda ya leƙa tukunyar tafasa. Garin gyaran gira ana neman a rasa ido.

A layin akwai wani dattijo, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, wanda ya yi shekaru a ɗakin masu ciwon ƙirji. Ba likita ba ne, ya sha faɗa da bakinsa, amma duk zango Likita ake ce masa. Shi Tela ya buga wa ƙofa. Dattijo ya zo da tocila, ya dubi yaron, ya tambayi ko ya je wurin masu walda jiya. Aka ce a'a. Ya ɗaga kai ya shaƙi iskar shagon sau biyu, ya juya ya ga shuɗin haske a kan tebur. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango, ya yaye babbar rigar da ke jikin taga ya tura tagar waje. Sa'an nan ya sa aka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi aka ɗora wa yaron a ido, ya hana shi murzawa, ya hana a ɗiga masa kowane irin abu da maƙwabta suka fara kawowa. Ya ce wannan ciwon idon masu walda ne, fatar saman ido ce ta ƙone, takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma da gari ya waye a kai shi a duba.

Da hankali ya dawo, suna zaune a benci a ƙofar shago, dattijo ya ce, “Tela, nawa ka ba da a kan wannan abu?” Tela ya faɗa. Dattijo ya girgiza kai ya ce, “Kuɗin dai sun tafi. Yanzu gaya mini, an kai Auta an duba ta?” Tela ya sunkuyar da kai. “Baba, na ce sai bayan salla.” Dattijo ya ce, “Ita cutar ta ce maka za ta jira salla?”

Ƙamshin nan da mai kaya ya ce alamar aiki ce, shi ne abin da dattijon ya shaƙa ya gane. Iska ce da ake kira ozon, wadda akan ji warinta kusa da injin hoton takardu ko wurin walda. Fitilun araha sukan saki wani haske na biyu a kan nanomita 185, shi kuwa wannan yana farfasa iskar numfashi ya mai da ita ozon. Can sama ozon rahama ce, ita ce ma take tare hasken rana mai kaifi. A cikin ɗaki kuwa tana cin hanyoyin numfashi kamar yadda take cin wari, tana sa tari da kaikayin maƙogwaro, mai asma kuma ita ce maƙiyiyarsa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 2007 cewa kada na'urar tsabtace iskar ɗaki ta fitar da ozon fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Ban da ozon akwai wata matsalar. Ƙonewa marar wuta ba kullum take kaiwa ƙarshe ba. In iska ta wuce ragar da sauri, abin da aka fara ci ba a gama ba yakan fito rabi-da-rabi, a cikinsa har da tururin famalin, maganin nan da ake adana gawa da shi. Masana sun auna haka a na'urori da dama. Ga shi kuwa shagon tela cike yake da abin da za a fara ci: man keke, da sitati, da rinin sabon yadi.

Sa'an nan ga maganar lokaci. Haske ba ya kashe ƙwayar cuta da kallo ɗaya, sai ƙarfinsa ya haɗu da daɗewa. Ɗan akwatin da fankarsa ba ta fi tafin hannu ba, iska takan wuce fitilarsa cikin ƙiftawar ido, kuma abin da yake ja a awa guda bai taka kara ya karya ba in an gwada da iskar da ke cikin shago. Ƙura ba ta mutuwa da haske, domin dama ba rai gare ta ba, sai matata ce ke kama ta. Hayaƙin janareto kuwa, mai ɗauke da gubar nan marar wari wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci a garuruwan Nijeriya, irin wannan akwati ba ya tsare kowa daga gare shi. Allah ne ya kiyaye gidan Tela, domin janareton yana bayan rufaffiyar tagar da ba ta rasa tsaga ba.

Duk da haka dattijon bai yarda a zagi hasken ba. Ya ce wuƙa ce, a hannun mahauci sana'a, a hannun yaro rauni. Tarihi kuwa yana bayansa. Tun Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a Balin ranar 24 ga Maris, 1882, aka daɗe ana gardama a kan yadda take tafiya daga mutum zuwa mutum. Wani injiniyan tsabta Ba'amurke, William Wells, shi ya kawo bayani a cikin shekarun 1930 cewa ɗigon da mai tari ya fesa yakan bushe ya zama ɗan mitsitsin da ke yawo a iskar ɗaki na tsawon lokaci. Daga 1937 ya rataya fitilun nan a saman azuzuwan waɗansu makarantu a yankin Filadelfiya, suna haska iskar da ke kusa da rufi kaɗai, ba sa taɓa yara. Da ƙyanda ta ɓarke a 1941, yaran waɗannan azuzuwa ba su kamu kamar sauran ba. Da aka gwada a waɗansu garuruwa abin bai yi kyau haka ba, saboda yaran da aka tsare a aji sukan haɗu a motar makaranta da gidajen juna. Almajirinsa Richard Riley ya ɗora a kai a wani asibiti a Baltimo, a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960. Ya jawo iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar da ke saman bene. Ɓerayen da suka shaƙi iskar yadda take sun yi ta kamuwa, waɗanda aka haska wa tasu iskar kafin ta iso ko ɗaya bai kamu ba. A aikin nasa kuma aka ga cewa majiyyacin da ya fara shan maganin da ya dace, yaɗa cutarsa yakan ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. An maimaita gwajin ɓerayen a birnin Lima na ƙasar Peru, aka buga sakamakon a 2009: kashi 35 cikin ɗari sun kamu inda babu fitila, ƙasa da kashi 10 inda take. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fitilun saman ɗaki cikin shawarwarinta ga asibitoci. Amma waɗannan fitilu ne da ƙwararru ke kafawa sama da mita 2 daga ƙasa, da shinge mai hana haske saukowa kan ido, da fankar rufi mai ɗaga iskar ƙasa zuwa sama. Ana auna su, ana goge musu ƙura, ana sauya su kamar shekara-shekara, domin fitilar takan ci gaba da ba da shuɗin haskenta bayan ƙarfinta ya ƙare. Shuɗin nan da ya kwantar wa uwargida da hankali ba shi ne mai aikin ba.

Abin da ya fi tsaya wa Tela a rai, da dattijo ya gaya masa, shi ne labarin taga. Masanan nan na Lima, kafin gwajin fitila, sun auna iskar ɗakunan asibitoci suka buga a 2007. Suka tarar buɗe taga da ƙofa kawai yana sauya iskar ɗaki kamar sau 28 a awa guda, alhali kuwa ɗakunan musamman masu injin zuƙe iska sau 12 ake nema gare su. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi, waɗanda aka yi kafin 1950, su suka fi kowa, sun kai sau 40. Watau Tela ya ba da kuɗin keken surfani ya sayi abin da ya sa shi rufe na'urar da mai gidan haya ya ba shi kyauta. Da ya gane haka sai ya yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Ran nan bai taɓa keke ba, ko da yake azumi saura kwana kaɗan. Ya ɗebi yaron da tsumma a ido, da uwargida, da Auta, da yayyenta biyu, da almajiran shago, suka cika ƙaramar mota, suka bi ta tsakiyar zango kowa yana gani. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan, kuma da yawa daga cikinsu ba a gano su, saboda irin kunyar da ta riƙe Tela wata guda. Aka duba kowa. Aka ɗauki hoton ƙirjin Auta, aka ce babu cutar, amma tun da ba ta kai shekara biyar ba kuma gida ɗaya suke kwana da mai ita, aka ɗora ta a kan maganin rigakafi na 'yan watanni, shi ma kyauta. Aka ba ta na buɗe ƙirji. Ɗaya daga cikin almajiran, wanda bai taɓa kukan komai ba sai 'yar rama, aka ce ya kawo kaki, aka kuwa sami cutar a jikinsa. Ko daga yaron ya ɗauka, ko shi ya ba yaron, ko kuwa makonni biyun da aka yi a rufe ne suka jawo, Tela ya yi ta juya wannan a ransa dare da yawa, har yau kuma in maganar ta taso yakan yi shiru.

Idon yaron ya washe a kwana na biyu. Tarin Auta ya lafa kafin mako ya zagayo. Uwargida da kanta ta ɗauki tabarmar yaron ta shanya a rana, ta kuma ce masa, “Kai da kake ɗana, ka ƙara yin irin wannan wauta ka gani.” Tela ya fitar da kekuna biyu zuwa rumfar ƙofar shago, masu shan magani suka koma aiki a nan cikin iska. Ya kira kafinta ya fasa bangon katakon da ke fuskantar tagar ya sa raga, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Janareto ya koma can ƙarshen fili da doguwar waya. Kowace safiya dattijo yakan biyo ya tsaya sai ya ga yaran biyu sun haɗiye ƙwayoyinsu, sa'an nan ya wuce sayen kokonsa.

Ya mayar da akwatin kasuwa sau ɗaya. Mai kaya ya nuna masa sawun sukudireba a jikin murfi, ya ce kayan da aka buɗe ba ya karɓa, ya juya ga wata mata da ke tambayar ko yana kashe sauro. Tela ya tsaya ya gaya wa matar abin da ya same shi, mai kaya yana harararsa, sa'an nan ya rungumo abinsa ya dawo. Dattijo ya zare fitilar ya naɗe ta a jarida ya tafi da ita, ya ce zaibar da ke ciki guba ce, kada ta fashe inda yara suke.

Yaron ya cika wata shida, aka sake gwada kakinsa aka sallame shi, almajirin ma haka bayansa da 'yan makonni. Da babbar sallar shekarar da ta biyo ya je gida da kaftanin da ya ɗinka wa ubansa da hannunsa. Keken surfani sai a 2023 aka saya, a kan kusan ninki biyu na kuɗin da. Ƙwaryar akwatin tana nan a kan kanta, Auta ta cire ragar, ana zuba kwarkwaron zare da maɓallai a ciki.